Singileti Mai Baya Biyu

A ofishin nan da ake buga wa takardu hatimi akwai wani dattijo da ko masu shara ba su san sunansa na gaskiya ba. Busasshe kowa ke ce masa, shi kuma in an kira shi haka yakan amsa har da ɗan gyaran murya. Shekara talatin da biyu yana zaune a bayan kanta, hatimi a dama, tawada a hagu, kuma a duk tsawon shekarun nan babu mahalukin da zai rantse ya ce ya taɓa ganin ɗigon gumi a rigarsa.

Kada ka ɗauka ofishin sanyi gare shi. Rufin kwano ne, silin ya daɗe da ɓarewa ta gefe guda, fankar kuwa juyawa take kamar wadda aka tasa daga barci aka ce sai ta yi. In zafi ya kankama, daga ƙarfe goma sha ɗaya kowa ya fara narkewa. Mutumin da ke kujerar kusa da Busasshe, wanda ke karɓar takardu kafin a miƙo su wurin hatimi, Famfo ake kiransa, kuma ba zalunci aka yi masa ba. Da tawul a wuya yake zuwa aiki. Yana goge goshi ƙeya na zuba, yana goge ƙeya goshi ya dawo. Har takardar mutane ya taɓa jiƙawa sai da aka sake rubuta ta. Shi kuwa Busasshe yana gefe, kwalar riga a tsaye, baya fes, hammata fes, sai ka ce a wani gari daban yake zaune.

Da a ce shiru yake yi da baiwarsa, da an huta. Ina. Duk sabon ma'aikacin da aka kawo, kafin ya san inda banɗaki yake sai ya sha darasin riga.

"Riga auduga," in ji shi, yana ɗaga yatsa. "Wannan mai sheƙin da kuke sawa leda ce, kuma mai hankali ba ya ƙulle kansa a leda. Fara ko mai ruwan madara. Baƙa tana tara rana, shuɗiya tana fito da gishirin jiki. Ruwan toka kuwa munafuka ce, ɗigo ɗaya za ka yi ta sanar da duniya."

Sai ya sassauta murya, don an zo kan babban sirri.

"Amma duk wannan ado ne. Maganar tana wurin singileti. Riga ba ta taɓa fata, sai da mai shiga tsakani. Kuma mai hannu, ba mai siririn maɗauri irin ta 'yan ƙwallo ba. Wa zai tsare maka hammata?"

In wani ya ce, "Baba, a wannan zafin kuma mutum ya ƙara wani tufa a ciki?" sai ya dube shi da tausayi, ya nuna Famfo da haɓa, ya ci gaba da buga hatiminsa. Famfo bai taɓa jin haushi ba. Yakan ce shi dai jikinsa ba ya ɓoye-ɓoye, abin da ke ciki shi ne a waje.

Yana da tsari, kuma bai taɓa saɓa shi ba. Singileti biyu a rana. Ɗaya a jiki da safe, ɗaya a naɗe cikin jakar hannunsa. Ƙarfe ɗaya daidai zai rufe tawada, ya shiga ɗakin ajiyar fayil, ya tura ƙofa, ya rataye riga a ƙusa, ya canza. Minti huɗu. Ya fito kamar yanzu gari ya waye. Guda goma gare shi, biyu-biyu na kwana biyar.

Abin da bai taɓa shiga cikin darasin ba shi ne, Busasshe bai taɓa sayen singileti da hannunsa ba, bai kuma taɓa wanke ko ɗaya ba. Shi dai ya san durowa ta biyu a ɗakinsa. In ya ja ta zai same su a jere, a goge, suna ƙamshin sabulu. In wata ta tsufa sai ta ɓace, sabuwa ta maye gurbinta. Yadda ba ya tambayar inda ruwan tulu ke fitowa, haka bai taɓa tambayar wannan ba. Aikin uwargida ne, matar da ya aura wata biyu kafin ya kama aikin hatimi, mace marar yawan magana wadda in ta yi guda ɗaya sai ka kwana uku kana juya ta.

To, saura sati uku ya yi ritaya, a tsakiyar zafin da tsofaffi suka ce sun manta rabon da su ga irinsa, sai 'yarsu ta zo daga garin da take aiki ta ce za ta tafi da uwarta. Wai yanar ido ce ta rufe mata gani, likita ya ce a cire tun ba a makara ba.

"Ba za a bari sai na gama ba?" in ji Busasshe.

"Baba, jiya ta gaishe da rigarka da ke rataye a ƙofa. Har tana tambayarta ya aiki."

Da za su tafi, uwargida ta tsaya a bakin mota ta ce, "Maigida, goma suna cikin durowa. Ranar Asabar ka kai wa mai wanki, ka ce kada ya murɗe su da ƙarfi."

Ya ce to. A ransa kuwa cewa ya yi, mai wankin da ke haɗa kayan gari guda a baho ɗaya shi ne zai taɓa masa singileti? Mutumin da ya shekara talatin yana koyar da ilimin abu, wankinsa ne zai gagare shi?

Satin farko lafiya lau. Ranar Asabar ya sa ta goma a jiki, wadda ya ɗan ɗauraye, ya tattara tara ya zuba a bokiti. Ya sha ganin uwargida tana tsiyaya bilic a murfin kwalba, wannan ruwan mai warin asibiti da ke sa fararen kaya haske. Sai ya yi lissafi irin na masu ilimi: in murfi ɗaya yana sa fari, kwalba guda ai sai ta sa ƙyalli. Ya juye ta duka. Ya kuma ga cewa gaggawa aikin mata ne, shi zai bar su su jiƙu sosai. Ya bar su har la'asar ɗin Lahadi.

Ta farko da ya ɗaga, kafaɗarta ce kawai ta biyo hannunsa, sauran ta zauna a bokiti. Ta biyu ta fito da ƙofofi kamar rariya. Ya yi ta tsamowa yana shimfiɗawa a kan igiya, guntu-guntu, har maƙwabciyarsu ta leƙo ta katanga ta tambaya ko tsummokaran goge-goge ne, in ba ya so a ba ta biyu. Fari dai sun yi fari, wannan babu ƙarya.

Ya zauna a kan kujerar tsakar gida, hannuwansa na raɗaɗi. Kwana goma na aiki suka rage. Ranar Juma'ar ƙarshe za a tara ma'aikata, manaja zai yi jawabi, za a ɗauki hoto. Kuma shi ba gida ya gina ba, ba mota ya saya ba, ba a taɓa ƙara masa girma ya wuce kanta ba. Abin da ya tara a shekara talatin da biyu suna ne guda ɗaya, kuma ga shi a kan igiya yana ɗiga.

Ranar Litinin ya fita da guda ɗayan da ta tsira. Har ƙarfe ɗaya ta riƙe amana. Da lokacin canji ya yi sai ya shiga ɗakin fayil, ya cire ta, ya matse a hankali, ya shanya a ƙarfen taga, ya zauna a kan tulin tsofaffin takardu daga shi sai wando, yana yi mata fifita da bangon fayil. Minti huɗu suka zama arba'in. Da ya fito, layin masu jiran hatimi ya kai bakin titi.

"Lafiya dai?" in ji Famfo.

"Lafiya. Wani fayil nake nema."

"Na wace shekara?"

"Tsoho ne."

Talata ma haka. Laraba mai shara ta turo ƙofa ba sallama, ta ga dattijo tsirara daga cibiya zuwa sama yana kaɗa wa taga fayil, ta ja ƙofar a hankali ta rufe, kuma har ta bar aikin ba ta sake haɗa ido da shi ba. Ranar Alhamis, garin cirewa da sauri, singiletin ta ce ɓarak a kafaɗa. Ya ƙarasa satin da fil ɗin takarda guda uku a maƙale, yana zaune ƙiƙam kamar mai ciwon wuya, don in ya juya suna soka.

Asabar da hantsi ya nufi kasuwa, layin masu kayan maza, da singiletin nan marar lafiya a naɗe cikin jaka. Bai damu ba sosai. Abu ne na saye, sai a saya.

"Singileti mai hannu, ta auduga, mai baya biyu," ya ce wa mai shagon farko.

Mutumin ya sauko da ƙunshi, ya tsaya. "Mai me, Baba?"

"Mai baya biyu. Gaba falle ɗaya don iska, baya falle biyu don gumi, da ɗan ƙari a hammata."

"Ban taɓa gani ba."

"To ba ka daɗe a sana'ar ba."

Mai shagon ya cire hula ya nuna masa furfura. "A nan na yi wannan."

Shago na biyu aka ce ko rigar sanyi yake nufi. Na uku aka kawo masa ta masu ɗaga ƙarfe. A na huɗu mai shagon ya kira maƙwabcinsa, maƙwabcin ya kira nasa, kan ka ce kwabo mutum shida sun kewaye shi, kowa na faɗin ƙasar da kayansa ke fitowa da rantsuwar cewa babu kamfanin da ke yin irin wannan. Ran Busasshe ya ɓaci. Shi za a gaya wa singileti? Ya ce musu kasuwar ce ta lalace, an cika ta da jabu, masu sayarwa kuma ba su san abin da suke sayarwa ba. Ya zaro tasa daga jaka ya ɗaga sama, da fil ɗinta da komai.

"Wannan mece ce? Shekara talatin da biyu irinta nake sawa."

Suka karɓa suna juyawa, hannu zuwa hannu. Bayan dai biyu ne, ba musu. Wani ya ce ikon Allah. Mai furfurar nan na shagon farko, wanda ya biyo sahu don ya ga ƙarshen zancen, ya ce, "Baba, je ka ƙarshen layi wurin tela mai gyara. In akwai wanda zai san asalinta, shi ne."

Telan tsoho ne, ya girmi Busasshe, yana zaune a wata 'yar rumfa da keken ɗinki da tarin wandunan da ake jira a rage musu tsawo. Ya karɓi singiletin. Ya cire fil ɗin ɗaya bayan ɗaya ya ajiye, ya juya singiletin ciki ya koma waje, ya gyara tabarau, ya matsa bakin rumfa inda haske yake. Ya daɗe yana bin gefen da babban yatsa.

"Wa ke saya maka?"

"Iyali."

"To ba kamfani za ka nema ba. Wannan singileti ce irin ta kowa, ga irinta can a rataye. Bayan nan na ciki daga wata tsohuwa aka yanko shi, wadda ta sha wanki ta yi laushi, don ita ta fi shan ruwa. Aka ɗora, aka bi da allura. Hannu ne wannan, ba keke ba."

"Hannu kuma?"

"Duba. An karkata ɗinkin, an bar zaren sakwa-sakwa don in ka ja ya biyo ka. Allura ta shiga nan ya fi sau ɗari huɗu. Guda nawa gare ka?"

"Goma," in ji Busasshe. "Duk shekara kuma ana sabuntawa."

Telan ya dube shi ta saman tabarau, ya mayar da ido kan aikin.

"Mai hannun nan gwana ce. Ka ga nan wuya, tsohon ɗinki ne, ƙanana a jere kamar tururuwa. Amma nan ƙasa an sake shi kwanan nan. Ka ga ya yi faɗi, ya karkace, nan ma an soka an fito ba a kama komai ba, aka dawo aka sake. Da lalube aka yi wannan. Idonta lafiya kuwa?"

Busasshe ya dubi ɗinkin. Abin da ya zo masa shi ne bakin ƙofar ɗakinsu da la'asar. Kullum in ya dawo aiki a nan yake samunta, a kan 'yar kujera, ta juya wajen haske, da gwangwanin allura a cinya da wani farin abu a hannu. Shi a zatonsa kayan yara take gyarawa. Yaran da ƙaraminsu ya shekara takwas da barin gida. Kuma sau nawa ya ce mata ta ɗan matsa, ta tare masa iska? Kunya ta kama shi, irin wadda ba a jin ta a fuska sai a ciki.

"Za ka iya yi mini irinta?" ya tambaya daga baya.

"Da hannu? Ni ma idon ya tafi, yatsun kuma sun ƙi. Da keke zan iya, amma ina gaya maka tun yanzu, ɗinkin keke ba ya miƙewa. Wannan yadin kuwa rayuwarsa miƙewa ce."

"Yi dai."

Ya sayo sababbi shida, tela ya yanka biyu ya ɗora a kan biyu. A ido sun yi kyau. Litinin da safe ya zura kai, ya ja ƙasa, sai ya ji fat, fat, fat daga wuya har ƙugu. Kafin ya isa ofis fallen cikin ya saki, ya naɗe, ya taru a tsakiyar bayansa kamar an ɗaura masa igiya. Famfo ya tambaye shi ko wani abu ne ya fito masa. Talata ya gwada sa biyu cikakku, ɗaya kan ɗaya, ya gano da kansa cewa wanda ya rufe gaba da baya da falle biyu ba tare gumi yake ba, kiransa yake. Gudun gara, gidan zago. Ranar ya wuni da bayansa manne da bango, in zai je banɗaki sai ya bi gefe-gefe yana gaishe da mutane ta fuska. Laraba ya koma wa tsohuwar mai fil da zaman ɗakin fayil. Da ƙyar da jiɓin goshi ya kai Alhamis ba wanda ya gani, ko kuma ba wanda ya nuna ya gani.

Da la'asar ɗin Alhamis yana shigowa gida ya tarar da su. Uwargida na zaune a gefen gado, ido ɗaya a rufe da auduga, da baƙin tabarau a kai. Ita ta matsa sai an dawo da ita, wai ba za a yi taron mijinta tana wani gari ba. 'Yar tana tsaye da jaka a kafaɗa, don motar da ta kawo su na jira, gobe tana da aiki.

"Baba, ka saurara da kyau. Ba sunkuyo, ba hayaƙi, ba ɗaukar nauyi. Karatu da ɗinki kuwa sai bayan sati shida. Likita ya ce in ta takura shi yanzu, aikin zai iya komawa baya."

"Na ji."

"Ke ma kin ji, Mama?"

"Kunnena ai ba a yi masa aiki ba."

Motar na tashi uwargida ta ɗaga hanci. "Me ke wari haka kamar an wanke asibiti?"

Ba ta jira amsa ba. Ta miƙa hannu ta ja durowa ta biyu, ta laluba. Ta ciro aikin tela, ta bi ɗinkin da yatsa, ta ajiye shi gefe kamar ta taɓa abin ƙyama.

"Ina goma?"

Ya faɗa mata. Bai rage komai ba, har kwalbar, har maƙwabciya, har mai shara. Ta fara dariya a hankali, ta dafe gefen idon da tafin hannu, tana cewa ya bari, ya bari, an hana ta girgiza. Da ta lafa ta share hawayen ido mai lafiyar.

"Kwalba guda. Sannu, malamin singileti."

"Me ya sa ba ki taɓa gaya mini ba?"

"Ka tambaya?"

Ta mayar da durowar ta rufe.

"Satinka na farko a aikin nan," in ji ta, "ka dawo ka ƙi cin abinci. Ka ce shugabanku ya tsayar da kai gaban mutane ya tambaya ko rijiya ka faɗa. Ka manta?"

Wallahi ya manta. Shi a saninsa tun haihuwa Busasshe ne.

"To miƙo mini gwangwanin nan. Akwai sabuwa ɗaya da tela bai ɓata ba? Kawo ta da mai yagaggiyar kafaɗar. Kai za ka zura mini zare, sauran hannuna ya san hanya. Awa ɗaya ce."

Ya tashi ya ɗauko gwangwanin daga kan taga. Kada a yi masa ƙarya, ya so. Ya ga kansa gobe a tsaye gaban jama'a, kwala a miƙe, baya fes, an rufe littafin yadda aka buɗe shi. Awa ɗaya kawai. Har ya buɗe murfin. Sai ya dube ta: ta riga ta juya fuska wajen ƙofa tana neman haske, ta miƙo hannu, ba ma daidai inda yake tsaye ba.

Ya mayar da murfin ya rufe.

"A'a."

"Kamar yaya a'a?"

"An ce sati shida."

"Maigida, shekara talatin da biyu ina riƙe da abin nan. Sai ranar ƙarshe za ka je ka zubar mini da shi a gaban mutane?"

"Sai dai ya zube."

Ta yi faɗa, faɗan da bai taɓa jin ta yi ba. Ta ce taurin kai, ta ce dama tun farko da ya kai wa mai wanki. Duk ya amsa da haka ne. Da safe, da yake ya san halinta, sai ya sa gwangwanin allurar a jakar hannunsa, a gurbin da singileti ta biyu ke zama, ya tafi da shi ofis.

Ranar kuwa kamar an aiko ta. Tun ƙarfe tara aka ɗauke wuta, fankar ta samu hutun da ta daɗe tana nema. Busasshe na sanye da farar rigarsa mafi kyau da singiletin kasuwa falle ɗaya. Ƙarfe goma ya ji layin farko ya gangaro tsakanin kafaɗunsa. Sha ɗaya rigar ta manne. Ƙarfe ɗaya ta yi, bai tashi ba, babu abin da zai je yi a ɗakin fayil. Ya ci gaba da buga hatimi har takarda ta ƙarshe.

Ƙarfe biyu aka taru a babban ɗaki, aka zaunar da shi a gaba. Manaja, wanda ya rubuto jawabinsa tun farkon sati, ya karanta shi yadda yake. Ya yabi riƙon amana da zuwa a kan lokaci, sannan ya zo inda ya fi so.

"Kuma duk wanda ya yi aiki a nan ya san dalilin da ya sa muke kiransa Busasshe. Baba, taso jama'a su gan ka."

Ya tashi. Ya taka zuwa teburin, ya ba wa ɗakin baya don ya karɓi takardar yabo. Tafin da aka fara ya yi ƙasa, ya mutu. Daga wuya har bel rigar ta zama kamar takardar da aka tsoma a ruwa, ana ganin singiletin, ana ganin fatar. Manaja ya dubi jawabinsa, ya dubi rigar, ya sake duban jawabin ko akwai abin da zai cece shi a ciki.

Famfo ne ya taso. Ya cire tawul daga wuyansa, ya juya gefen da ya fi dama-dama, ya miƙa masa.

"Barka da zuwa cikinmu, Baba."

Sai ɗakin ya fashe da dariya, shi ma ya yi. Ya goge fuska, ya goge wuya. Aka ce ya yi magana. Ya ce shi ba mai dogon zance ba ne, wanda hakan ma sai da aka yi masa dariya. Ya ce sunan da suka ba shi aro ne, mai shi tana gida da auduga a ido, kuma duk darasin da ya yi musu a kan riga su riƙe, gaskiya ne, amma rabi ne. Aka ɗauki hoto da tawul ɗin Famfo a kafaɗarsa.

Da ya koma gida tana zaune a inuwar bakin ƙofa, hannu biyu a cinya, ba ta saba zama haka ba. Ya durƙusa zai ajiye jaka, ta kai hannu ta dafa bayansa, ta janye da sauri.

"Wa ya watsa maka ruwa?"

"Ba kowa. Nawa ne. Duk shekarun nan ke kika riƙe mini shi."

Ta mayar da hannun, ta bar shi a wurin.

"Sun yi maka dariya?"

"Sun yi."

"Sosai?"

"Sosai."

Ta ci gaba da shafa jiƙaƙƙen yadin.

"To je ka cire kada sanyi ya kama ka," in ji ta. "Ka zo ka zauna nan ka ba ni labari tun daga farko, yau ba ni da aikin yi."